Takardar da Ta Shekara Biyu Cikin Baƙin Mai

Da sanyin safiya, a tsakiyar hunturu, wani malamin kwaleji a Zariya ya murza makullin motarsa, sai ya ji wata ƙara da bai saba ji ba, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Daƙiƙa uku ko huɗu ta yi, ta ɗauke. Jar fitilar mai da ke gaban sitiyari ita ma ta ɗan jinkirta kafin ta mutu. Kashegari aka sake yin haka, har kwana biyar a jere. Saura mako biyu ya ɗebi iyalinsa zuwa Gombe bikin ƙanwar matarsa, tafiyar kusan yini guda, kuma motar nan ita ce babbar kadararsa bayan gidan da bai gama ginawa ba. Ranar Asabar ya kai ta garejin wani tsohon bakanike da ya san shi tun yana ɗalibi.

Tsohon ya sa yaro ya buɗe bonet, ya zaro sandar awon mai, ya murza ɗigon man tsakanin yatsunsa, sannan ya leƙa ƙasan injin.

"Malam, yaushe rabonka da juye?"

"Wata bakwai ke nan, Baba."

"Filta fa?"

Malamin ya yi jim yana lissafi. Sau biyu aka yi masa juye a bakin titi ba a taɓa filta ba. A karon farko yaron da ke juyen ya ce masa da sauranta, a karo na biyu shi da kansa ya ce a bar ta, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowace naira sai da shawara take fita daga aljihunsa. Hujjarsa kuwa ba ta wauta ba ce. Tsakanin gidansa da wurin aiki kilomita 3 ne, kuma a cikin wata 26 motar ba ta yi tafiyar da ta haura kilomita 9,000 ba. A ganinsa, abin da bai yi aiki ba bai tsufa ba.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan hujja ta shafi duk mai mota da duk mai janareta: shin takardar da ke cikin filtar mai tana lalacewa idan ta daɗe, ko dai toshewa kawai take yi idan datti ya cika ta?

Abin da ke cikin gwangwanin

Mafi yawan masu mota ba su taɓa ganin cikin filta ba. A waje gwangwani ne mai fenti, ana murza shi a jikin inji. A ciki akwai abubuwa huɗu ko biyar. Na farko shi ne takardar, an ninke ta ninki-ninki kamar maficin takarda, aka naɗe ta ta kewaye wani bututun ƙarfe mai huji-huji. Ninkin yana sa takarda mai faɗi sosai ta shiga ƙaramin wuri. An manne samanta da ƙasanta da marfi biyu, na ƙarfe ko na kwali mai tauri. Famfon inji yana turo mai ta ƙananan hujojin da ke kewaye da bakin filta, man ya ratsa takardar daga waje zuwa ciki, ya fita ta babban hujin tsakiya ya nufi sassan da ke juyawa. Na biyu wata roba ce mai kama da faifai, tana kwance a bayan ƙananan hujojin, aikinta hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Na uku bawul ne mai sifirin, wanda wasu motoci ke ɗauke da shi a jikin injin maimakon cikin filta. Sai zoben roba na baki, wanda ke hana yoyo.

Wannan tsari bai kai shekara ɗari da zama haka ba. A 1923 ne Ernest Sweetland da George Greenhalgh a Amurka suka fito da filtar mai ta farko ta mota, suka sa mata suna Purolator, kuma ƙyalle ne a cikinta. Kafin nan raga ce kawai a bakin famfo, ana kuma zubar da mai a kai a kai. Takarda mai ninki ta shigo ne a shekarun 1940, gwangwanin da ake murzawa a jefar gaba ɗaya kuwa a shekarun 1950.

Kalmar takarda tana iya ruɗar mutum. Wannan ba irin ta littafi ba ce. Asalinsu dai ɗaya ne, wato zaren itace da masana ke kira selulos, amma ta filta ana jiƙa ta da wani irin ƙaro na masana'anta, a gasa ta har ƙaron ya daskare ya ɗaure zaruruwan da juna. Shi ya sa take da tauri, take kuma da launin ruwan ƙasa ko rawaya tun tana sabuwa. Tacewarta ma ta bambanta da ta rariya. Rariya huji ɗaya gare ta, abin da ya fi hujin ya tsaya, abin da bai kai ba ya wuce. Takardar filta kuwa kurmi ce ta zaruruwa masu kauri daban-daban, datti yana shiga yana karo da zare yana maƙalewa a ciki. Ana auna girman dattin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum kimanin maikiron 70 ne. Takardar filta ta gama-gari tana kama mafi yawan abin da ya kai maikiron 30 zuwa 40, tana kama wani kaso na abin da bai kai haka ba.

Waɗannan ƙananan lambobi su ne rayuwar inji. Tazarar da ke tsakanin kiranshaf da faifan da kanikawa ke kira metal 'yan gomomin maikiron ce, kuma shimfiɗar man da ke raba ƙarfe da ƙarfe a lokacin aiki ta fi haka siranta nesa ba kusa ba. Ƙwayar yashi da ido ba ya gani tana iya shiga nan ta yi ƙarzabo. A 1988 wani injiniyan kamfanin General Motors, David Staley, ya gabatar da gwajin da aka riƙa zuba ƙura da gangan a cikin man injuna ana gwada filtoci daban-daban. Idan aka kwatanta da filta mai maikiron 40, mai maikiron 30 ta rage cinyewar ƙarfe da kashi 50 cikin 100, mai maikiron 15 ta rage da kashi 70. Gwaji ne na gaggawa, da ƙura fiye da ta kan hanya, don haka ba a ɗaukar lambobinsa a ɗora wa kowace mota. Amma ya nuna inda al'amarin ya dosa: ingancin tacewa yana da alaƙa kai tsaye da tsawon ran inji.

Darasi daga taransifoma

Babu inda aka yi nazarin zaman takarda cikin mai mai zafi kamar a harkar wutar lantarki. Taransifomar da ke bakin unguwa, wadda jama'a ke haɗa kuɗi a gyara idan ta ƙone, cike take da mai, kuma wayoyin tagullar da ke cikinta da takarda aka naɗe su. Tsawon ran taransifoma shi ne tsawon ran wannan takarda, saboda haka injiniyoyi sun shafe kusan ƙarni guda suna auna yadda take tsufa.

Zaren selulos sarƙa ce doguwa ta ƙwayoyin sukari maƙale da juna. A sabuwar takardar taransifoma, kowace sarƙa tana da ƙwayoyi kimanin 1,000 zuwa 1,200. Da tafiya ta yi tafiya sarƙoƙin suna tsinkewa suna gajarcewa, kuma idan suka sauko kimanin 200 ana ɗaukar takardar ta ƙare, domin ta zama mai ƙarmas-ƙarmas, ko taɓa ta aka yi sai ta farfashe. Abubuwa huɗu ke tsinka sarƙar: zafi, ruwa, asid da iska. Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce, daga digiri 98 na ma'aunin Salshiyas, duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufan. An kuma lura cewa idan danshin da ke cikin takarda ya ninka, ranta yana raguwa da kusan rabi. Irin wannan tsinkewar ce ke sa tsofaffin jaridu da littattafan makaranta su yi rawaya su riƙa karyewa a hannu.

Wannan darasi yana da fuska biyu. Fuska ta farko tana goyon bayan malamin. Man inji yana aiki ne a tsakanin digiri 90 zuwa 110, wato kusan zafin da takardar taransifoma ke jurewa dare da rana na tsawon shekaru. Motar da ta yi kilomita 9,000 a cikin gari, a ce tana tafiyar kilomita 30 a awa, awa 300 kawai injinta ya yi yana aiki. Zafi kaɗai, na awa 300, bai isa ya kashe takarda mai kyau ba. Mai ma a karan kansa ba ya narkar da ita.

Fuska ta biyu ce ta kayar da hujjarsa. Man taransifoma a rufe yake, an busar da shi, ana tsare shi daga ruwa da iska kamar ƙwai. Man inji kuwa a tsakiyar ɗakin girki yake zaune.

Ruwa da asid

Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da kusan lita guda ta ruwa, a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ne ɗigon da ake gani da safe. Amma wani kaso yana sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin kaskon mai, tare da hayaƙi da ɗanyen fetur. Idan mota ta yi tafiya mai nisa, mai ya yi zafi sosai, ruwan da fetur ɗin suna tashi su fita. Idan kuwa kilomita 3 ce kawai, ana kashe mota tun mai bai gama ɗumi ba, ruwan yau ya tarar da na jiya. Motar malamin a ido hutawa take yi, alhali a littafin kowace mota irin wannan zirga-zirga tana cikin jerin abin da ake kira aiki mai tsanani, tare da tafiya cikin ƙura da daɗewa a cunkoso inji na aiki.

Selulos yana son ruwa, kowa ya ga yadda kwali ke yi idan damina ta taɓa shi. Ƙaron da aka jiƙa takardar filta da shi yana rage wannan, amma ba ya hanawa gaba ɗaya. Zaren da ya sha ruwa yana kumbura, hanyoyin da mai ke bi su ƙuntata, takardar ta yi laushi, ninkin ya lanƙwashe, wasu su manne da juna. Mafi munin wannan shi ne idan gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwan lagireto ya shiga mai har ya koma kamar shayi da madara. Filtar da ta sha irin wannan mai ta gama aiki ko jiya aka ɗaura ta.

Sai asid. Yana fitowa ne daga man da ya daɗe yana haɗuwa da iska cikin zafi, da kuma hayaƙin ƙonewa, musamman idan akwai sulfa, wato farar wuta, a cikin fetur ko dizal, domin sulfa idan ta ƙone ta haɗu da ruwa asid mai ƙarfi take zama. A nan ne inda mota ke zaune yake da tasiri. Tun 2009 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade sulfa a kashi 10 cikin miliyan. Tsohuwar ƙa'idar dizal a Najeriya kashi 3,000 ce cikin miliyan, kuma sai a watan Fabrairun 2020 ne ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu da ƙa'idar kashi 50. Sabon man juye yana zuwa da sinadaran da ke kashe kaifin asid, amma suna da iyaka, suna ƙarewa da amfani. Bayan sun ƙare, asid ɗin yana nan cikin mai, kuma takardar filta a jiƙe take da wannan mai ko motar tana tafiya ko tana ajiye a inuwar darbejiya. Shi ya sa masu ƙera motoci ke rubuta wa'adi biyu, na kilomita da na watanni, su ce a bi wanda ya riga cika.

Abu na ƙarshe da ke gajiyar da takarda shi ne motsi. Duk lokacin da aka tayar da mota, ko aka taka totur, ƙarfin turin mai yana hawa yana sauka, ninkin takardar yana lanƙwasawa yana miƙewa. Sabuwar takarda tana jure wannan. Wadda ruwa da asid suka gajarta wa sarƙa takan tsage a kan ƙaryar ninki, ko a wurin ɗinkin da ya haɗa bakinta biyu, ko ta ɓalle daga marfin da aka manne ta. Lokaci mafi haɗari shi ne safiyar hunturu, sa'ad da mai mai kauri irin 20W-50, wanda ya yi yawa a garejojinmu, yake kamar zuma. Ɗabi'ar tayar da mota a hau ba ta wuta don ta yi ɗumi tana ɗora wa takardar nauyi mafi girma a daidai lokacin da mai ya fi wuyar ratsa ta.

Abin da fitila ba ta faɗa

Filta tana mutuwa ta hanya biyu, kuma babu wadda direba ke gani. Ta farko ita ce toshewa. Abin mamaki, filtar da ta ɗan kama datti ta fi sabuwa tacewa, domin dattin yana ƙara ƙuntata hanyoyin. Amma cikinta ƙarami ne, abin da ƙaramar filta ke iya ɗauka bai wuce cokali ɗaya ko biyu na datti ba. Idan ta cika, bambancin matsi tsakanin wajen takarda da cikinta yana hawa, har ya kai inda bawul mai sifirin zai buɗe ya bar mai ya zagaye takardar ya wuce ba tacewa. Da gangan aka yi haka. Inji yana iya shafe watanni da mai mai datti, amma mintuna kaɗan ba mai sun isa ya buga. Da babu gara ba daɗi. A ƙasar da iskar hunturu ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na Chadi, inda kuma filtar iska ake bugawa a jikin taya a mayar, toshewa tana zuwa da wuri.

Hanya ta biyu ita ce tsagewa. Ruwa ba ya barin hanya mai sauƙi ya bi mai wuya, mai ma haka. Da zarar an sami tsaga, kaso mai yawa na man zai bi ta nan, ya kuma ɗebi wani abu daga dattin da aka tara. Jar fitilar mai ba ta auna tsabta, ƙarfin turi kawai take aunawa, kuma filtar da ta tsage ba ta rage ƙarfin turi. Motar za ta ci gaba da tafiya lafiya lau, metal da ringi suna cinyewa a hankali, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a ga tana shan mai tana hayaƙi, a ce ai dama ta tsufa.

Abin da aka gani a garejin

Tsohon bakaniken ya kwance filtar, ya bar ta ta tsiyaye, sannan ya yanke bakin gwangwanin da kurfi da guduma. Bai yi amfani da zarto ba, domin garin ƙarfen zarto zai cakuɗu da abin da ake son gani. Ya fara zaro robar nan mai kama da faifai ya miƙa wa malamin. Ta yi tauri kamar busasshiyar fata, da ya lanƙwasa ta sai ta tsaya a lanƙwashe.

"Ga mai yi maka ƙarar nan, Malam."

Filtar wannan mota a kwance take a jikin inji. Robar da ta daina rufewa tana barin mai ya tsiyaye ya koma kasko cikin dare, da safe sai famfo ya sake cika gwangwanin kafin mai ya isa saman inji. Daƙiƙoƙin nan uku ko huɗu, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe da ɗan abin da ya saura a jikinsa. Baƙar roba ta gama-gari, wadda ake kira naitiral, tana taurara idan ta daɗe cikin zafi. Filtoci masu tsada sukan sa ta silikon, mai launin ja ko ruwan lemo, wadda ta fi jurewa.

Sannan ya yanko takardar da wuƙa, ya matse ta cikin tsumma, ya ware ninkin a rana. Ba ta ruɓe ba, ba ta narke ba, mafi yawanta tana nan a haɗe. Amma ninkin ya yi gajiya, wasu sun kwanta a kan wasu, kuma kusa da ɗinkin akwai tsaga mai tsawon gaɓar yatsa. Da ya ninke wani yanki baya sai ya karye, maimakon ya lanƙwasa. A cikin kwarin ninkin akwai baƙin tabo, da ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe jefi-jefi.

"Baba, injin ya taɓu?"

"Wannan ɗan ƙyallin kowane inji yana yi. Da na ga jan ƙarfe ko ɓarɓashi mai yawa, da na ce kada ka je Gombe. Amma abin da ya ci, ya riga ya ci, ba mai dawo maka da shi."

Babu wanda zai iya faɗin ranar da tsagar ta buɗe, ko wata ɗaya ke nan ko shekara. Ƙarar da ta kawo malamin gareji ma ba daga takardar ta fito ba. Da robar ba ta taurara ba, da har yanzu filtar tana ɗaure.

Amsar tambayar

Takardar filta tana lalacewa, amma a hankali, kuma a cikin wa'adin da aka tsara mata ba ita ce ke fara gazawa ba. Filta mai kyau, a injin da ba ya haɗa ruwa da mai, tana cika wa'adinta da sauran ƙarfi. Akwai ma kamfanonin da suka amince a tsallake juye ɗaya: Honda ta daɗe tana tsara wa motoci da yawa sauya mai a kowane sabis, filta kuwa a kowane sabis na biyu. Yaron bakin titin da ya ce da sauranta bai ƙirƙiro maganar daga iska ba. Sai dai wannan tsari yana tafiya ne da sharaɗin filta ta asali, da man da ake sauyawa a kan kari, kuma bai ce a tsallake sau biyu ba. Ban da haka, tsohuwar filta tana riƙe da kusan kofi guda na tsohon mai, wanda ke gauraya da sabon tun a minti na farko.

A Turai akwai motocin da ake barinsu har kilomita 30,000 ko shekara biyu kafin juye, kamar tsarin dogon wa'adi na Volkswagen. Wannan ya yiwu ne da mai na musamman, da fetur mai ƙarancin sulfa, da hanyoyi marasa ƙura, da kuma filtocin da aka ƙarfafa takardarsu ko aka maye gurbinta da zaren foliyesta ko na gilashi. Waɗannan zaruruwa sun fi na itace siranta, ba sa shan ruwa, asid ba ya tsinka su da sauƙi. Motar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Legas ta zo da lissafin ƙasar da ta baro, amma ba ta zo da hanyoyinta da man gidajen manta ba. Ga wanda ke zirga-zirga a Kano ko Maraɗi ko Zariya, shafin aiki mai tsanani na littafin motar shi ne nasa, kuma a motoci da yawa wannan yana nufin kimanin kilomita 5,000 ko wata shida, mai da filta tare.

Wa'adin watanni ya fi shafar waɗanda suke ganin ba su da matsala: ma'aikacin da ofishinsa ke kusa da gida, motar hajiya da ba ta wuce makarantar yara da kasuwa, motar da aka rufe da tamfol mai ita ya tafi karatu waje, da janaretan asibiti ko na ofis da ake tayarwa jefi-jefi. Masu ƙera manyan janaretocin dizal sukan ce a sauya mai da filta bayan awa 250 ko 500, ko bayan shekara guda ko da awannin ba su cika ba. Filtar da ke cikin kwalinta a kan kanta, a busasshen wuri, tana iya shekaru ba abin da ya same ta, domin babu asid babu zafi. Abin dubawa kafin a ɗaura ta shi ne tsatsa a baki, da zoben roba ko ya bushe.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan filtar jabu ce. Fenti da tambari ba su da wuyar kwaikwayo, kuma mai saye ba ya ganin ciki. A cikin jabun ana samun takarda kaɗan mai ninki tsilla-tsilla, da manni mai rauni, wani lokaci babu bawul ko kaɗan. Irin wannan ba ta buƙatar shekara biyu kafin ta tsage. Araha ba ta ado, kuma hanyar da ta fi tabbas ta sanin abin da ake sayar wa mutum ita ce wadda tsohon bakaniken ya bi: a yanka tsohuwar a duba. Minti goma ne, kuma yana faɗin labarin filtar da na injin a lokaci guda.

Kuɗin filta ta asali bai kai na rabin tankin fetur ba. Kuɗin sauke inji a sauya metal da ringi, ko sayen wani injin na hannu, yana cinye albashin watanni. Malamin ya san wannan lissafi tun da farko, abin da bai sani ba shi ne cewa kalanda ma tana ci, ba kilomita kaɗai ba.

Aka ɗaura sabuwar filta bayan an shafa wa zobenta ɗan mai, aka murza ta da hannu, aka zuba sabon mai. Kafin a rufe bonet, tsohon ya karɓi alƙalamin fenti daga hannun yaronsa, ya sunkuya ya rubuta wata da shekara a jikin gwangwanin, da lambar kilomitar da ke kan allo.

"Idan ka manta, Malam, ita ba za ta manta ba."

Kashegari da asuba malamin ya murza makulli, fitilar ta mutu nan take, bai ji ƙarar ba. Ya bar injin ya yi minti guda a hankali, bai taɓa totur ba, sannan ya ja motar ya fita.